Ƙofar da Na Rufe wa Dangin Babanku

Babangida da Ummi, kun ji labarin rasuwar babanku daga bakin kowa a Guri, amma ba ku taɓa jin sa daga bakina ba. An gaya muku cewa na kulle shi a ɗaki kamar ɗan kurkuku, na hana 'yan'uwansa ganinsa, daga baya na kwashe shi na kai asibiti aka ƙarasa shi da robar iska. Kada ku ce ba a gaya muku ba. Ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai duk sanda aka ambaci shekarar nan a gabana. Kai, Babangida, kana wajen aikinka a Kaduna lokacin, ke kuma Ummi kina ɗakin jego a Auyo, don haka babu wanda ya gani da idonsa a cikinku. Na yi shiru shekarun nan saboda ba na so in raba ku da dangin ubanku, sai shirun nawa ya zama musu shaida. To, yau zan faɗa, kuma ba zan tausasa komai ba don wani ya ji daɗi.

Babanku dillalin kifi ne tun kafin a kawo ni gidansa. Ƙuruciyarsa duk a bakin banda ya yi ta a Guri, yana jera tarwaɗa a kan wuta, yana juyawa, hayaƙi yana shiga masa ido da hanci tun hantsi har faɗuwar rana. Hayaƙin nan ne ya gina gidan da kuka tashi a cikinsa a Haɗeja, shi ne kuma ya cinye masa ƙirji. Tun kuna yara kun san tarinsa, kun san abin shaƙar nan da ba ya barin aljihunsa. Da girma ya zo sai ciwon suga ya haɗu da ƙirjin. A daminar shekarar da nake ba ku labari ya taka wani abu a bakin ruwa, ɗan ciwo da bai kai ƙwayar gero ba, amma ya ƙi warkewa, ƙafar ta kumbura har aka kwantar da shi a asibiti. Mun daɗe a can. Ni ce a gindin gadonsa, ni ce mai wanki, ni ce mai kai da kawowa, kuma Allah ya taimake mu ba a yanke ƙafar ba.

Ranar da za a sallame mu, likitar da ke duba shi ta kira ni gefe. Yarinya ce, ba ta fi Ummi ba, amma ba ta iya kewaye-kewaye ba.

"Mama, ƙafa ta yi kyau, ba ita nake jin tsoro ba. Akwai mura a gari mai zafi. Wanda jikinsa ke da ƙwari zai kwanta ya tashi. Baba kuwa ga suga, ga huhunsa ya riga ya gaji. Idan ta kama shi ba a hanci za ta tsaya ba, ƙasa za ta sauka. Duk mai tari ko atishawa kada ya shiga inda yake. Idan kuma kin ga zazzaɓi ko numfashinsa ya canja, kada ki jira, ki kawo shi."

Na ce mata na ji. Na kuma maimaita wa babanku a cikin keke muna hanyar gida, ya ce shi ma ai da kunnuwansa.

Murar kuwa gaskiya ta cika gari. Lokacin ruwa ya ja baya, an fara yankan shinkafa, mutane suna ta kai da kawowa tsakanin fadama da kasuwa. Idan liman ya tayar da salla a masallacin unguwarmu, daga tsakar gida kana jiyo tari sahu-sahu. Matasa su kwanta kwana biyu, su sha shayi da citta, su koma gona. Shi ya sa babu wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Kuma kun san halinmu da dubiya. Mutum ya dawo daga asibiti, dole kowa ya zo, dole a shiga har inda yake kwance, a kama hannunsa, a zauna a bakin katifarsa, a daɗe. Wanda bai shiga ba kamar bai zo ba. Ni ma haka na tashi na gani, haka na yi wa mutane, kuma ban taɓa ganin aibinsa ba sai da aka nuna min.

Sai na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa ta waje, daidai taga. Duk wanda ya yi sallama, in fito in gaishe shi, in tambaye shi ko yana mura. Wanda ya ce a'a, in buɗe masa. Wanda na ji muryarsa ta dushe, in nuna masa tabarma, su gaisa ta taga. Wasu suka fahimta. Wasu suka yi dariya suka ce Malama ta mayar da gida aji, saura ta fara duba farce. Ban damu ba, shekara da shekaru ina koyarwa a firamare, ba yau aka fara yi min wannan tsokanar ba. Abokan kasuwancinsa ma, waɗanda ba su haɗa jini da shi ba, sun zauna a tabarmar nan sun sha hira, babu wanda ya ce an wulaƙanta shi.

Sai Baffanku Idi ya zo. Dole in gaya muku matsayinsa a wajen babanku, don ku gane abin da ya biyo baya. Mahaifinsu ya rasu babanku yana ƙarami, Baffa Idi ne ya riƙe shi, ya koya masa banda, ya yi masa aure. Babanku ya yi furfura, ya yi jikoki, amma bai taɓa zama a kan kujera ba idan yayansa yana tsaye, bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba idan yana magana. Ranar nan Baffa Idi ya shigo idanunsa jajur, yana tari yana toshe baki da hannun babbar riga. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, na tambayi mutanen gida, na kawo ruwa. Sannan na ce:

"Yaya, don Allah ka yi min haƙuri. Na ga kana fama da mura, likita kuma ta ce a kiyaye masa ita. Ga tabarma nan, yana jin ka ta taga."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Ni za ki nuna wa tabarma?"

"Ba raini ba ne, Yaya. Ƙirjinsa ne."

"Ƙirjinsa? Ni na goya yaron nan a bayana muka tsallake ruwa. Kina ina a lokacin? Mura ce yau za ta shiga tsakanina da shi? Duk gidana an yi ta, har jarirai, wa ta kashe?"

"Su ba su da suga, Yaya."

"Wato ke kika san ciwo. To, Allah ya ba ki haƙuri, Malama."

Ko ruwan bai sha ba. Ya juya ya fita, bai ma leƙa tagar ba. Na shiga ɗaki na tarar da babanku ya juya fuskarsa bango. Daga nan ya ce, ƙasa-ƙasa:

"Kin tsinka ni."

Na ce gara in tsinka shi yana raye. Abincin rana ma ranar bai ci ba, sai da na yi da gaske saboda maganinsa.

Ana cikin haka kika haihu, Ummi. Na ce ba za ni suna ba, zan aika. Babanku ne ya matsa, ya ce yaya za a yi a ce uwar mai jego tana Haɗeja, ga Auyo nan kusa, amma ba ta je ba. Ya ce in tafi da safe in dawo da yamma, shi ba yaro ba ne. Na ajiye masa abinci da ruwa da magani a inda hannunsa zai kai. Na ce ya sa sakata ta ciki, kada ya buɗe wa kowa sai ya ji muryata. Ya ce to. Na ce ya yi min alkawari. Ya yi dariya ya ce ya yi. Na tsaya a waje sai da na ji ƙarar sakatar sannan na tafi. Kin tuna ban zauna an gama rabon tuwo ba, har surukarki ta ce kamar ana korata. To, dalilin ke nan.

Na dawo bayan la'asar. Tun daga zaure na ga babura a jingine. Da na shigo sai na ga takalma a ƙofar ɗakinsa, tuli guda, na maza da na mata, wasu da taɓon fadama bai bushe a jikinsu ba. Baffa Idi ya ji labarin suna, ya san ba na nan, ya kwaso dangi daga Guri suka zo dubiyar da aka hana shi. Na ɗaga labule. Ɗakin nan cike yake, an rufe taga wai kada sanyi ya kama marar lafiya, ko'ina tari, ko'ina jan hanci. Gwaggonku Zulai, yayar babanku, tana zaune a bakin katifa tana matsa masa ƙafa. Baffa Idi kuma ya tallafo kan babanku da hannu biyu, yana karanta addu'a yana tofa masa a fuska. Ya karanta, ya tofa, ya juya ya yi tari, ya dawo ya ci gaba. A gefe ga kofin ruwan da ya riga ya yi wa tofi, an ba babanku ya sha rabi.

Ku fahimce ni da kyau, ban raina addu'a ba, kuma ba zan raina ta ba har in koma ga Allah. Ni ma na yi muku tofi kuna yara. Amma Wanda ake roƙo yana ji daga Guri, yana ji daga kan tabarmar da na shimfiɗa. Ba sai an kawo baki kusa da hancin mutumin da huhunsa ya ƙare ba.

Ban san sanda muryata ta fita ba.

"Ku fita! Don girman Allah ku fita daga ɗakin nan!"

Gwaggo Zulai ta riƙe haɓa.

"Mu kike kora, Malama? A ɗakin ƙaninmu?"

"Ku nake kora. An gaya muku, an roƙe ku, kuka jira na juya baya. Wannan dubiya ce ko ɗaukar fansa?"

Baffa Idi ya shafa addu'arsa a nitse, ya miƙe, ya gyara rigarsa. Bai dube ni ba, ƙaninsa ya duba.

"Ka ji da kunnenka. Mu mun sauke haƙƙin zumunci."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa yana jan tsaki. Gwaggo Zulai ce kaɗai ta ce ba inda za ta, za ta zauna ta ga yadda ake kula da ɗan'uwanta. Na buɗe taga, na fitar da kofin. Na tambayi babanku wa ya ɓalle ƙofar, don a raina na gama yanke cewa ɓalle ta aka yi.

"Ba wanda ya ɓalle ta. Ni na zare sakatar."

"Bayan alkawarin da ka yi min?"

"Yaya ne ya kira sunana, Malama. Yana tsaye a waje yana kiran sunana. In yi yaya?"

Wannan maganar ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Na ɓoye ta saboda ba na so ku ga laifinsa. Amma ina jin haushinsa, har gobe ina ji. Mutumin da na kwana na tashi a gindin gadonsa, na wanke masa ƙafar da shi kansa ba ya iya kallo, ya jingina da bango ya ja ƙafar nan har bakin ƙofa ya buɗe, saboda kunyar yayansa ta fi masa nauyi a kan ransa da tawa wahalar. Ina sonsa, Allah ya sani, kuma ina yi masa addu'a kullum. Haushin dai bai tafi ba.

Ba a yi kwanaki da yawa ba ya fara atishawa. Sai zazzaɓi. Ni da Gwaggo Zulai ma muka kamu, amma mu muna tsaye muna aikinmu, hanci kawai ke zuba. Shi kuwa sai na ga idan ya yi magana yana tsayawa a tsakiya ya nemi numfashi, abin shaƙar ma ya daina yi masa aiki. Na ce mu tafi asibiti. Gwaggo Zulai ta ce mura ce, wa yake kai mura asibiti? Ta dafa ganye a tukunya, ta lulluɓe shi da bargo ya yi surace, ya fito yana haki kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ta ce ai ciwon ne yake fita. Ta kira Baffa Idi a waya, ta miƙa wa babanku. Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye:

"Kada ka yarda ta sake mayar da kai can. Mura ce irin tamu, ga ni na warke sarai. Ka yi surace ka sha zuma."

Babanku ya ce to, Yaya. Na roƙe shi, ya ce a bari zuwa gobe. Gobe ta yi, ya ce a bari zuwa jibi. Ranar da na ga leɓɓansa sun canja launi, yana kallona yana kiran sunan mahaifiyarsa, ban sake tambayar kowa ba. Na fita titi ko mayafin kirki babu, na tare keke, na kira maƙwabta suka ɗauko shi. Gwaggo Zulai tana biye da mu tana cewa za ta gaya wa duniya ita ba da yawunta ba.

Likitar nan ce muka tarar. Ta sa abin awo a ƙirjinsa, ta dube ni, ba ta yi min faɗa ba, wannan ma ya fi min ciwo. Ta ce murar ta sauka huhu ta zama nimoniya, sugan kuma ya hau ya ƙi sauka, kowanne yana ƙara wa ɗayan ƙarfi. Aka sa masa robar iska a hanci, aka ɗaura ruwa, aka yi allurai. Sun yi iya yinsu, ni shaida ce. Kai, Babangida, ka iso ka same shi ba ya gane mutane, ka ga robar nan a fuskarsa, ita kaɗai ka gani, shi ya sa da aka ce maka ita ta kashe shi maganar ta sami wurin zama a ranka. Da hantsi rai ya yi halinsa, hannunsa yana cikin nawa.

Abin da ya fi ƙona min rai a zaman makoki ya faru. Ina zaune cikin mata, ko hawayena bai bushe ba, Gwaggo Zulai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Da an bar mana shi a gida da yanzu yana nan. Duk mun yi murar nan mun tashi. Amma aka hana shi danginsa, aka kai shi inda ake toshe wa mutum hanci."

Mata suka ce Allah sarki, suka ce sai haƙuri, wasu suna satar kallona. A waje kuma, an gaya min, Baffa Idi yana karɓar gaisuwa yana cewa ajali ne, ba mai tsallake kwanansa. Idan maganar abin da suka yi ce, ajali ne. Idan maganar abin da na yi ce, ni na kashe shi. Ni ma na yarda da ajali, ban ce wani ɗan Adam ya ɗauki ransa ba, ban ma isa in rantse cewa daga bakin wane murar ta fito ba. Amma an faɗa musu, sun ji, suka zaɓi kada a ce an zaunar da su a tabarma. Warkewar da suka yi ita ce hujjarsu har yau, kamar jikinsu da nasa ɗaya ne.

Na yi takaba babu wanda ya leƙo ni daga Guri. Gwaggo Zulai da muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, yau idan muka haɗu a biki sai ta gyara mayafi ta kalli wani wajen. Aka sa min suna mai korar dangi. An yi aure a gidan Baffa Idi, goron gayyata bai zo gidan nan ba. Ku kuma kuna zuwa can da salla, ana ba ku labari, kuna dawowa kuna gaishe ni sama-sama. Ban hana ku zuwa ba, kuma ba zan hana ku ba, danginku ne.

Abin da ya sa na ɗauki biro yanzu shi ne wayar da ka yi min, Babangida. Ka ce Baffa Idi yana kwance, hawan jini ya taɓa masa ɓarin jiki, zuciyarsa ma an ce ta kumbura, jiki ya yi nisa. Ka ce yana tambayata. Ka ce in daure in je, a yafi juna tun ana da rai. Na ce maka ba yanzu ba, sai ka ce:

"Haba Umma, har yanzu?"

Ka kashe wayar kafin in gama magana. Da ka saurara da ka ji muryata. Mura nake yi, Babangida. Ta kama ni tun makon jiya, tarin har yanzu bai sake ni ba, ina rubutun nan da tsumma a hannuna. Ni zan tashi, in Allah ya yarda, jikina bai kai na Baffa Idi lalacewa ba. Shi idan na kai masa ita ba zai tashi ba.

Na san abin da za a ce a Guri. Za a ce Malama ta riƙe gaba har bakin kabari, mutum yana kiran sunanta ta ƙi zuwa. Su faɗa, sun saba. Ka gaya masa ina gaishe shi, ina yi masa addu'a daga nan, kuma tana isa. Idan na warke yana da rai, zan hau mota in je in durƙusa a gabansa kamar yadda na saba, ko da raina bai gama hucewa ba. Amma da tarin nan ba zan shiga ɗakinsa ba, ko da zai mutu yana zaton ƙiyayya ce ta hana ni.